Fis Uku Da Guntun Waya

Yammar ranar ta fara kamar kowace yamma. Kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, igiyar shanya ta zama ado, sai Auta ta kwashi jiƙaƙƙun kaya ta zuba a injin busar da kaya da ke ɗakin wanki, ta murɗa shi, ta koma tana goge takalmanta na aiki. Gangar injin ta yi ta juyawa har rana ta faɗi. Da ta buɗe, kayan suna nan sharkaf da sanyinsu, kuma wani ƙauri na tashi daga ciki kamar an babbake gashi.

Ubanta, wanda kowa ke kira Mai Gyara, ya shekara talatin yana gyaran firji da injin wanki da danginsu. Ya san aikinsa, wannan ba a ƙwace masa ba. Amma mutum ne da in ya ce abu fari ne, ko gawayi ne dole ya yi fari. A shagonsa yakan wanke masu kawo aiki tas a kan rashin kula da kayansu, shi kuwa ba mai gaya masa ko kalma ɗaya, don wanzami ba ya son jarfa.

Ya zare soket, ya kwance murfin baya, ya ɗora mitar gwajin wuta a kan wayar da ke ba da zafi, ya ga lafiyarta ƙalau. Ya ɗora a kan wani ɗan ƙaramin fis, ya tarar ya mutu. Aikin wannan fis ɗaya ne, ya yanke wuta in zafi ya taru a cikin injin ya rasa hanyar fita. Duk wanda ya taɓa riƙe sukuddireba ya san in ya mutu ba shi ake tuhuma ba, bututun da ke fitar da iska mai zafi ake zuwa a duba. To, amma wannan bututun Mai Gyara ne da kansa ya sa shi wata biyu da suka wuce. Ya huda bango can ƙasa inda ya fi sauƙin hudawa, ya fitar da bakinsa cikin wani siririn lungu mai duhu tsakanin katangarsu da ta maƙwabta, inda ba mai shiga. Zuwa duba shi kamar yarda ne cewa aikinsa na iya yin kuskure. Saboda haka ya ce fis ɗin jabu ne, ya sa sabo.

Auta ta gaya masa a hankali cewa duk sanda injin ke aiki tana jin kamar kukan jariri ta cikin bututun. Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce kyanwa ce, ta rage kallon fim.

Fis na biyu kwana biyu ya yi. Ran da ya mutu, dab da magariba, gidan ya yi tsit, sai aka ji ƙara daga ɗakin wanki, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Soket ɗin a zare yake. Matar Mai Gyara ta je da addu'a a bakinta ta buɗe, ta ga tsakuwa bakwai a cikin gangar da ba kaya, kuma da ta taɓa su da ɗuminsu. Maigidan ya ce daga aljihun wani suka zubo, ya sa fis na uku.

Daga nan kullum yamma ta yi sai jifa a kan rufi, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Wata rana matar na tsaye a ƙofar ɗakin wankin ta ji murya ta cikin bututun, can ƙasa-ƙasa, ta ce ya isa haka. Ta roƙi mijinta ya bar injin nan ya huta, ko ya zagaya ya ga abin da ke lungun. Ya tambaye ta ko yanzu ita ce za ta koya masa gyara. Da fis na uku ya mutu, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya yanko guntun waya, ya haɗa bakin nan biyu da fis ke tsakaninsu, ya murɗe da filaya, don kada wani abu ya sake yanke masa wuta. Da wani makanike ne ya yi wannan ɗanyen aiki, da ya kira shi mai kisan kai a gaban jama'a. Amma wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Injin ya yi zafi ranar kamar bai taɓa lalacewa ba. Auta ta sunkuya za ta kwashe kaya, ta yanke jiki ta faɗi. Da ta buɗe ido ba ita ce ke kallonsu ba. Ta ja jiki ta jingina da bangon da bututun ya ratsa, jikinta rau da zafi, ta ƙi ci, ta ƙi sha, ta ƙi magana. Likita ya zo ya auna abin da zai auna bai ga komai ba. A kwana na biyu uwar ba ta nemi izinin kowa ba, ta yafa mayafi ta je ta zo da Malam, wani dattijo mai sanyin murya da ya saba da irin wannan aiki.

Malam ya zauna a kan bokitin da aka kife, tsakanin injin da yarinyar, ya fara karatu. Haske na ja da baya daga taga. Ya daɗe yana yi kafin bakin Auta ya motsa, muryar wata tsohuwa ta fito, a shaƙe don fushi.

"Dakata, Malam. Ba kai na zo wa ba."

Ya tambaye ta ko wace ce, da abin da yarinyar nan ta yi mata. Ta ce tun kafin a aza tubalin gidan suke zaune a lungun nan, ita da zuriyarta, ba su taɓa ɗaukar musu ko cokali ba. Rana ɗaya mutumin nan ya huda bango ya saita musu wuta daidai shimfiɗar jikanta. Ta ce ta yi ta tura ɓurɓushin zaren kayansu tana toshe bakin bututun, fis ya mutu, su sami kwana biyu na sauƙi.

"Sau uku na yi masa magana da yaren da ya fi kowa ji. Sai ya ɗaure wa injin baki da waya. Ku je ku ga bayan jikana, duk ya saluɓe. Yadda ya ƙone haka 'yarsa za ta ƙone."

"An zalunce ki, baiwar Allah," in ji Malam, "amma wannan yarinyar ita kaɗai ta ji kukanku ta faɗa. In kika taɓa ta kin zama azzaluma, ni kuma ba zan bar karatun nan ba sai ɗayanmu ya gaji. Faɗi abin da zai yiwu."

Tsohuwar ta ce a cire wayar a mayar da fis, a ɗauke bututun a fitar da shi ta sama. Mai Gyara ya yi caraf ya ce wannan ai aikin awa ɗaya ne, har ya fara bayanin irin lanƙwasar da za a sa.

"Ban gama ba," in ji muryar. "Ya faɗa da bakinsa, a gaban matarsa da 'yarsa, cewa shi ya yi kuskure. Ya faɗa, na tafi."

Mai Gyara ya dubi akwatin kayan aikinsa, ya dubi ƙasa, ya share gumi. Abin haushi, kalmomi ne da yaron goye ma zai iya faɗa, amma suka gagari ƙaton mutum. Da ya buɗe baki sai ya ce ai gaskiya fis na zamanin nan ma ba su da ƙarko.

Auta ta yi wani nishi. A idonsu fatar damtsenta ta yi ja, ta fara tasowa.

"Baban Auta," in ji matar, "shekara ashirin da shida ina haɗiye maka. Wallahi in yarinyar nan ta ƙone kana tsaye kana zaɓen magana, ba za ka sake ganin fuskata ba."

Duk da haka sai da ya ƙara jinkiri. Can ya durƙusa a kan siminti, ya ce shi ya sa bututun inda bai kamata ba, shi ya ƙi dubawa, shi ya ɗaura wayar, laifinsa ne, a yafe masa.

"Na ji," in ji tsohuwar. "Yafiya kuma sai jikana ya warke."

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta sulale a cinyar uwarta tana neman ruwa.

Washegari da safe Mai Gyara ya kutsa lungun a kaikaice. Ya tarar da bakin bututun cunkushe da zare, ya yi baƙi ƙirin, tsakiyarsa har ya fara cin wuta. Ya cire wayar, ya sa fis, ya toshe tsohon ramin da siminti, ya fitar da bututun ta sama. Da ya kunna, injin ya kama aiki lafiya lau. Ya juyo da fara'arsa ya ga Auta zaune a bakin ƙofa, damtsenta a naɗe da bandeji. Ya ce Allah ya taimake ta ba ta san abin da aka sha ba, tunda ba ta cikin hayyacinta.

"Ina ciki, Baba," in ji ta. "Bakina ne kawai aka karɓe. Ina jin hannuna yana ƙonewa, kuma ina jin ka kana tsaye kana tunani."

Ta tashi ta koma ɗakin uwarta, ta bar shi da injinsa yana ta juyawa.