Amin ɗin Sarkin Magina

A zamanin sarkin da ake yi wa laƙabi da Gurgu, cikin bazarar da ta biyo bayan naɗinsa, birni yana kewaye da rundunar yayansa. Masu zaɓen sarki ne suka tsallake babba suka ba ƙarami, babban kuwa ya fita da fushi ya dawo da mayaƙan aro. Tun bayan girbi suka toshe ƙofofi, ba shiga ba fita. Hatsi bai ƙare ba, don rumbunan fada cike suke. Ruwa ne ya ƙare. Rijiyoyi suka koma laka, mata na matse ta cikin tsumma, yara na sha suna kwantawa da ciwon ciki.

Cikin waɗanda abin ya fi ci har da Sarkin Magina, dattijon da ke riƙe da gyaran ganuwa tun zamanin mahaifin 'yan'uwan nan biyu. Ya binne matarsa, ya binne ɗansa da surukarsa. Saura jikarsa guda, 'yar yarinya, tana kwance a tabarma a ɗakin kakarta.

Akwai kuma abin da ke cinsa a ciki. Da abokan gaba suka haƙa ƙarƙashin ganuwar gabas har wani sashe ya zube, shi aka sa ya tayar da shi cikin gaggawa. Ginin ganuwa kuwa ruwa yake ci: a kwaɓa ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana ta tsumu, a sake kwaɓawa. Ruwan da aka ba shi bai kai ko'ina ba. Sai ya tayar da siraran bango biyu, ciki da waje, ya cika tsakaninsu da busasshiyar ƙasa, ya yaɓe sama. Daga nesa sai ka rantse dutse ne. Amma ya san ranar da ruwan sama mai ƙarfi ya ratsa ta, ƙasar ciki za ta kumbura ta fasa bangon.

Da Liman ya sa aka yi shela cewa gobe da hantsi kowa ya fito roƙon ruwa, sai dattijon ya nufi fada, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, ganuwar gabas ba za ta ɗauki ruwan farko ba."

Sarki ya dube shi, ƙafarsa mai ciwo a miƙe kan matashi. "In an rufe ta da fatu da tabarmi fa?"

"Za mu rufe. Yayyafi za su tare, ban da mamako."

"To me kake so in yi, baba? In aika wa Liman ya roƙi Allah Ya dakata? Jiya gawa nawa ta fita daga unguwarku?"

"Na daina ƙirgawa, ranka ya daɗe."

"Ni ma haka. In ruwa ya zo, kaina zai tafi, na sani. In bai zo ba, kaburbura zan zauna ina yi wa sarauta. Je ka, gobe ka yi taimama ka shiga sahu. Kada wani ya ji wannan magana."

Da ya koma gida ya tarar da jikarsa ido biyu. Muryarta ta dushe, amma tsokana ba ta bar ta ba.

"Tsoho, wane irin miji ne kai? Ka gina wa sarki katanga, ka kasa cika wa matarka moɗa."

"Sakin ki zan yi," in ji shi. "Kin cika mita."

Ta so ta yi dariya, leɓenta ya tsage, jini ya fito. Ya sa gefen rigarsa ya goge mata.

Washegari aka taru a filin ƙofar fada, don filin salla yana bayan ganuwa, a hannun abokan gaba. Aka fito da tsofaffi a goye, aka fito da 'yan dabbobin da suka rage. Bayan salla maza suka juya rigunansu bai-bai, Liman ya ɗaga hannu yana roƙo har kuka ya sarƙe shi. Jama'a na cewa amin, fili na amsawa. Sarkin Magina kaɗai bakinsa a rufe. Yana hango takubba a lungunan unguwarsu, yana hango sarkin da ya taɓa ɗauka a kafaɗa yana yaro. Sai ya sunkuyar da kai ya ce a ransa: "Ya Ubangiji, na san abin da ke cikin ganuwar nan, Kai ma Ka sani. Ban san abin da ya kamata in roƙa ba. Ka bar mini yarinyar nan." Da Liman ya sake ambaton ruwa, ya ce amin, har na kusa da shi suka waiwayo.

Ruwa bai zo ranar ba, bai zo kashegari ba, aka ci gaba da haƙa kaburbura. Sai wata azahar hadari ya haɗo, iska ta kwashe fatun da aka shimfiɗa kan ganuwa, sama ta ɓalle. Dattijon ya jera duk tukwanen gidan a tsakar gida. Yana tallafe da kan jikarsa, tana kurɓa a hankali, ya ji ƙasa ta girgiza daga gabas. Bai tashi ba sai da ta ƙoshi.

Kafin rana ta faɗi mayaƙa sun cika gari. Gurgu ya fito ƙofar fada ba takobi, ya roƙi kada a sa wa gidaje wuta, nan aka kashe shi. Ba a ƙona garin ba. Yayansa ya hau gado, aka buɗe ƙofofi.

Da sabon sarki ya ga ɓaraguzan, ya ga ƙasa kawai aka ɗura a cikin ganuwar, sai ya ɗauka da gangan aka yi don shi. Ya sa aka kira Sarkin Magina, ya yafa masa alkyabba a gaban fadawa, ya ce, "Ga mutumin da ya buɗe mini gari." Gurgu ne kaɗai zai iya ƙaryata wannan magana, shi kuwa yana kabari. Dattijon ya yi godiya, don ƙin kyautar sarki a ranar nan a bakin ransa ne, yarinyar kuma ba ta da kowa. Daga nan magina suka daina cin abinci da shi. In ya shiga sahu, sai na gefensa ya matsa.

A bakin maroƙan fada har yau maci amana ne. Yarinyar ta warke, ta girma, ta haifa, kuma daga bakin zuriyarta wannan labari ya fito yadda na faɗe shi.

Ni dai na binne nawa, na san addu'ar da mutum ke yi a bakin tabarmar mara lafiya: ba sarki a cikinta, ba ganuwa. Mulki ya bar hannu ya koma hannu kamar yadda ya saba. Allah Ya amsa wa tsohon abin da ya roƙa, Ya karɓi sunansa a madadi, kuma har ya mutu ba a ji ya ce an ƙware shi ba.