Katin da Aka Ɗauke wa Wuta

Ranar da Bahijja ta fara ganin Sadiƙ, hawaye ne taf a idonta. Ta shiga shagonsa na kwamfuta da buga kati a Ƙofar Nassarawa riƙe da faifan aikinta na makaranta, an ce mata babu komai a ciki. Lokacin soja ba su daɗe da komawa bariki ba, wayar hannu ta fara shigowa gari.

Ya buɗe wani baƙin allo marar hoto, ya rubuta dir, sai ga sunan fayil ɗinta da girmansa da kwanan wata.

"Malama, aikinki na nan lafiya lau. A adana hawayen nan, kar su yi asara."

Daga ranar faifan Bahijja ya zama mai yawan laulayi, kullum sai an kai shi wurin likita. Ya koya mata dir /tc mai faɗin ranar da aka ƙirƙiri fayil, da dir /tw mai faɗin ranar ƙarshe da aka taɓa shi. Yana ce mata Ɗalibata, tana ce masa Malamina. Son juna suke kamar me.

Mahaifinta, Malam Salihu na Shahuci, da farko ƙi ya yi.

"Mutumin da sana'arsa zama gaban talabijin?"

Shi Mikail ɗan ƙanwarsa ya so mata. Da ƙyar ya sauko ya ce Sadiƙ ya turo magabatansa. Ana cikin murna sai ga Mikail da takarda, wai a kwamfutar shagon Sadiƙ ya gani ya buga. Katin aure ne. Ango Sadiƙ Isiyaku, amarya Sa'ida Musa.

"Kada ya sake tako min ƙofar gida," in ji Malam.

Bahijja ta yi kuka har idonta ya kumbura, sannan ta tura wa Sadiƙ saƙo: "Allah ya sanya alheri, angon Sa'ida. Kar ka sake nemana."

Ya amsa: "Ɗalibata, ba zan rantse miki ba. Ki zo ki tambayi fayil ɗin da hannunki. Ni a waje zan tsaya."

Da safe ta je tare da Gwaggo Lami, yayar babanta. Ta zauna ta buga dir /tc. Bara aka ƙirƙiri katin, tun kafin ta san akwai wani Sadiƙ a duniya. Ta buga dir /tw. Talatar da ta wuce, da la'asar. Ai kuwa ranar ya zo zance da wuri, ya ce an ɗauke musu wuta.

Ta leƙa waje. "Malamina, shigo ka yi bayani."

Ya shigo yana sosa ƙeya. "Mu masu buga kati ba ma fara sabo, tsoho muke buɗewa mu canza sunaye. Namu nake gwadawa a ɓoye. Na sa sunana na adana, don kin san wutar nan ba ta da alƙawari. Ina zuwa kan naki, ɗif!"

Gwaggo ta tafa hannu. "Ni ban san baƙin allonku ba, amma na san Sa'idar Musa ta Ƙofar Dawanau. Da ni aka kai ta ɗakinta bara, yanzu haka goyo ne a bayanta. Ku bar ni da Salihu."

Da Gwaggo ta kai wa Malam labari, ya yi dariya har da riƙe ciki, Mikail kuwa ya daina biyowa ta lungun.

Da aka sa rana, Sadiƙ ya buɗe katin zai gyara. Ta ture hannunsa.

"Tashi. An ga aikinka."

Ta goge sunan Sa'ida, ta rubuta nata harafi bayan harafi, ta adana, ta sake adanawa. Tana ɗaga yatsa aka ɗauke wuta.

"Su ɗauke," ta ce. "Sun makara."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka.