Mai Daddawa da Aljanin Kuka

A wani zamani an yi wata hanya da kowa ke tsoro, wai aljanin kogon kuka yana karɓe rabin kayan mai wucewa.

Ran nan wata tsohuwa ta biyo da kwandon daddawa, iyakar jarinta ke nan.

Murya ta fito daga kogo: "Ajiye rabi."

Tsohuwa ta ce, "Albarka."

"To, ƙulli uku."

"Albarka."

"Haba Iya, ko ɗanɗano babu?"

"Ba na ciniki da wanda ban ga idonsa ba. Fito in ba ka."

Kwaɗayi ya fito da aljani, ashe mai unguwa ne.

Ta ɗora masa kwandon a ka, ta ce, "Mu je kasuwa, ranka ya daɗe. Yau kowa zai ga aljani kyauta."