Littafi Mai Hoton Farin Zomo

A wani gari can, an yi wani tsoho mai sayar da littattafai. Duk littafin da aka ɗaga sai ya ce, "Na karanta, akwai daɗi!" Alhali bango kawai yake kallo.

Ran nan jikarsa mai kiwon zomo ta ce, "Kaka, zaɓa mini littafin dabbobi."

Ya miƙa mata mai hoton farin zomo. "Na karanta, akwai daɗi!"

Jim kaɗan ta dawo tana kuka, rungume da zomonta.

"Kaka, ashe cinye shi za ka yi?"

Tsoho ya buɗe littafin. Yadda ake yanka zomo ne, a feɗe, a soya!

"Subhanallahi!" Ya riƙe baki.

Yarinya ta share hawaye ta ce, "Kaka, ba ka ce ka karanta ba?"