Foldar da Baba Ya Kulle

Rana ta faɗi, inuwa ta cinye tsakar gida, Yaya kuwa yana zaune gaban tsohuwar kwamfutar Baba yana ta tsaki. Mama ce ta sa shi aikin. Ɗaukar sauti ce sana'ar marigayi Baba. Ya bar akwati cike da faya-fayan CD na muryoyin mutane, amma guda ɗaya tak ne ke ɗauke da tasa muryar. Shi ɗin ma ya fara lalacewa, gefensa ya yi tabo kamar tsatsa. Mama ta ce a kwafe shi a kwamfuta tun bai mutu ba, don ta fara mance yadda mijinta ke dariya, abin kuma yana cin ta a rai.

Da Yaya ya danna manhajar kwafar faifai, sai ta nuno ɗan saƙo cewa ba shi da izinin shiga foldar ajiya, ta rufe kanta. Ya kashe kwamfutar ya kunna. Ya goge manhajar ya sake sa ta. Ya buɗe ta a matsayin admin, wato mai cikakken iko da kwamfutar. Amsar dai ɗaya ce.

"Yaya, ashe kwamfuta ma ta raina ka," in ji Auta, ƙanwarsa, tana leƙe ta bayan kafaɗarsa.

Da wasa ta faɗa, amma Yaya ba mutumin da ake ce wa bai iya ba ne. Ya shiga bayanan foldar, ya ga abin da ya isa ya tsayar da shi. Ba kuskure ba ne. Da gangan aka bi aka hana kowa shiga, har da sunan Baban kansa. Mai hankali zai tsaya ya tambayi dalili. Shi kuwa gogan naka sai ya mayar da mallakar foldar sunansa, ya share hanin, ya ba kansa izinin komai. Manhaja ta buɗe salin alin, faifai ya fara juyawa.

Dutsen farko ya sauka a kan rufin kwano. Suka ɗaga kai sama. Na biyu ya biyo, na uku kuma cikin ɗakin ya faɗo, ga taga a rufe, ga ƙofa a rufe. Yaya ya juya zai yi wa Auta magana, ya tarar bakinta a buɗe, jijiyoyin wuyanta sun tashi, tana ihu iya ƙarfinta amma ko ɗan sauti ba ya fita.

Tun daga ranar gidan bai sake ganin daidai ba. Da rana Auta sai nuni da hannu, hawaye na zuba. Da rana ta karkata, duwatsu su fara, ita kuma ta zauna ta fuskanci bango tana jijjiga hannuwa kamar mai rarrashin jariri, waƙa na fita daga bakinta da muryar wata tsohuwa. Yaya ya cire wayar kwamfutar daga bango, amma suna jin faifan yana juyawa a ciki. Tsoro ya kama shi, kunya ta fi tsoron.

Mama ta aika aka kira Malam, tsohon aminin Baba. Ya zo da yamma lis, ya zauna gaban yarinyar, ya yi ta karatu a hankali har jikinta ya ɗauki rawa.

"Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi mini komai ba," in ji tsohuwar muryar. "Muryata aka ɗauka, na ɗauki ta gidan."

"Wa ya ɗauki muryarki?"

"Mai gidan nan. Yana gwajin na'urarsa a ɗakin nan, ni kuma ina bayan ƙofa ina yi wa ɗana waƙa, ranar da ɗan ya mutu a hannuna. Waƙar ta shiga faifan a bayan maganarsa. Da ya zo kwafa na yi masa magana. Mutumin kirki ne. Ya roƙe ni na bar masa guda ɗaya, ya kulle hanyar kwafa da hannunsa. Faifai yana tsufa ya mutu, kamar ku. Kwafi ba ya mutuwa. Kukana ba na yawo a kunnen kowa ba ne."

Yaya ya sunkuyar da kai. "Wallahi ban sani ba."

"Ka ga a kulle," in ji ta. "Ka tambayi wani?"

Malam ya ce, "Ya yi kuskure, zai goge kwafin yanzu a gabanki. Ki bar musu faifan yadda kika bar wa ubansu."

"Uban na yarda da shi. Ɗan ban yarda ba. A fasa."

Kowa ya san abin da ke cikin faifan nan a wurin Mama. Ta dubi kwamfutar, ta dubi 'yarta, ba ta ɓata lokaci ba.

"A fasa, Malam. Sai dai, baiwar Allah, ke ma uwa ce, kin san rashi. Ki bar ni in ji shi sau ɗaya."

Can muryar ta ce, "Sau ɗaya."

Yaya ya mayar da wayar kwamfutar a bango, ya goge kwafin, ya kunna faifan. Aka ji ƙarar kujera, aka ji tari, sannan Baba: "Gwaji, gwaji. Uwargida, don Allah rage ƙarar tukwanen nan, aiki nake yi!" Daga nesa muryar Mama ta amsa masa da wata baƙar magana, sai ya fashe da dariya, doguwa, har da buga tebur. Can ƙasa-ƙasa kuma ga waƙar. Mama ta rufe ido, leɓɓanta na motsi, tana haddace dariyar.

Ita da kanta ta ciro faifan ta karya shi a gwiwarta. Auta ta yi atishawa, ta sulale ƙasa. Duwatsu suka tsaya.

"Mama," in ji yarinyar da muryarta ta ainihi, a dishe, "na ji Baba. Har yanzu yana nan?"

Mama ta tura gutsattsarin ƙarƙashin kujera da ƙafa, ta rungume ta.

"Yi magana, Auta," ta ce. "Ko me ce ce, ki dai yi ta magana."