Kujerar da Abdul-Samed Ya Bari

A taron kwamitin 'yan tebur masu sayar da kaya a bakin titin 125, can ƙasar waje, Habsatou ta fara ganinsa, shi a layin mutanen Gana, ita a na mutanen Nijar. Abdul-Samed sunansa. Ya kalle ta, ta harare shi, amma fa hararar iyakarta ido.

Daga gaisuwa aka koma saƙon waya. Da mahaifinta Malam Yacouba ya ji, ya ce atafau. "Mutanen da ke neman ƙwace gurbin teburina zan ba 'yata?"

Gurbin nan kuwa shi ne abincin gidan, kuma shi za a yi wa ƙuri'a. Kujerun ɓangarorin biyu a kwamitin daidai suke, ita da Abdul-Samed kuma kowa na da tasa. Akwai wata al'ada da suke kira "zauna in zauna": in lalura ta hana wani zuwa, sai ɗaya daga wancan ɓangaren ya ƙi jefa tasa.

Ranar ƙuri'a ciwo ya taso wa mahaifiyar Habsatou. Ta rubuta masa: "Samed, Inna tana asibiti, ba ta gane kowa. In ban je ba mun rasa gurbin Baba."

"Zauna gun Inna, Habsina. Ni ma na zauna."

Kawunsa Sheriff, wanda yake wa tsaron shago, ya tare shi a zauren taron kwamiti. "Yau babu wannan al'adar. Ka ɗaga hannu, ko ka bar min shagona."

Kafin la'asar Inna ta cika. A zaman makoki wata mai baki ta ce ai an ga Samed a zauren taron ranar ƙuri'a. Habsatou ta kashe wayarta, kuka ya zame mata biyu. Wayyo, baiwar Allah.

Ranar addu'ar bakwai shugaban kwamiti ya zo gaisuwa, ya ce ƙuri'a ta yi kunnen doki, gurbi na nan. "Yaron nan tashi ya yi ya fita. Yanzu ko aiki ba shi da shi."

Malam Yacouba ya sa aka kira Samed. "Ɗana, saboda kai 'yata ta samu ta rufe wa uwarta ido. Teburina zai ɗauke mu mu biyu."

Bayan arba'in aka ɗaura aure, ba kiɗa ba guɗa. Habsatou cikin mayafin Inna take, tana hawaye.

"Ka yafe min zargin da na yi maka."

"Ya wuce, Habsina."

Allah Ya jiƙan Inna, Ya zaunar da su lafiya.