Taku Uku a Bayan Mota

Inna tana kwashe shanya a farfajiyar gida lokacin da dutse na farko ya bugi kwanon gareji. Rana ta faɗi, duhu bai gama shigowa ba. Ta ɗaga kai ta dubi benen maƙwabta ta ce, "'Ya'yan wa ne marasa kunya?" Babu kowa a taga. Na biyu ya buga, na uku ya biyo, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin nauyin masu gida. Sai ta lura daga ciki ƙarar take fitowa. Gareji kuwa a kulle yake, makullin yana ɗaure a bakin zanenta.

Gidan nan shi kaɗai ya rage da fili a duk layin. Marigayi mijinta direba ne, da ya tashi gini sai ya yi gareji mai cin mota biyu, ya bar farfajiya tun daga ƙofar ɗaki har bakin get. Maƙwabta kowa ya cinye nasa filin da ɗakuna, wasu sun ɗora bene kan bene, har ta kai idan ka yi atishawa a gadonka na gidan baya ke ce maka sannu. Yaran layi a farfajiyar Inna suka koyi keke. In an yi rasuwa a layin, nan ake shimfiɗa tabarmi. Masu neman fili sun zo har sun gaji, ita kuwa amsarta ɗaya ce: "Ina numfashi da shi."

To, sai ga Auta, ɗanta mai gyaran firji. Mai gidan da yake haya zai rushe ya tayar da bene, ya ba su wata guda. Suka kwaso kaya, shi da matarsa da yara uku, su biyar a falo ɗaya, ana tsallake juna in za a fita alwala. Inna ta kalli abin kwana goma, ta ce a kira magini. Gareji zai zama ɗaki biyu, farfajiya a yi kicin da banɗaki, a bar 'yar hanyar wucewa. Masu sayen tsohon ƙarfe suka ja motar marigayi suka tafi da ita. Ranar nan aka sauke bulo, aka jera shi jikin bangon gareji na can ciki, har rufi. Da magaribar ranar aka fara jifa.

Kwana bakwai ana yi, kullum da faɗuwar rana, kuma ba a taɓa samun kowa da dutse ba. A na takwas ba a yi jifa ba. Gidan ya yi tsit, irin shirun da ke sa mutum ya ji bugun zuciyarsa. Inna ta nemi jikarta, babbar 'yar Auta, mai shekara goma sha uku, wadda take kira Ƙawata. Ta same ta a gareji, zaune a ƙasa, ta haɗa goshi da bulo.

"Ƙawata, me kike yi a nan? Tashi, ba a zaman magariba a waje."

Yarinyar ba ta juyo ba. Ta ce, "Ku ɗage." Muryar ta tsohuwa ce, ta girmi ta Inna.

Daga ranar ta daina ci. Aka kai ta asibiti, suka auna nan suka auna can, suka ce ba su ga komai ba. Uwarta ta yi kuka har muryarta ta dushe. Yarinyar da ke ƙwace wa Inna rediyo tana tsokanarta da "tsohuwa mai ran ƙarfe" ta koma kamar tsinke, ko wuyanta ba ta iya riƙewa. Rana ta biyar Auta ya zo da Malam, wani dattijo mai karatu, siriri, ba mai yawan magana ba. Ya ce a shimfiɗa ta a gareji, a buɗe ƙofa.

Ya daɗe yana karatu, inuwa tana hawa bango. Inna ta ɗora kan yarinyar a cinyarta, tana jin zafin jikin ta cikin zane. Can idanun suka buɗe.

Malam ya ce, "Wane ne a jikin baiwar Allah?"

"Ni ce. Kada ka ƙona ni, Malam, ban zo da faɗa ba. Mun ƙwanƙwasa kwana bakwai ba wanda ya amsa, shi ya sa na ari bakinta."

"Aro da ke neman kashe mai abu? Ku nawa ne?"

"Ni da jikokina huɗu. Iyayensu sun watse tun da aka sare itatuwan bayan layi. Sau shida muna tashi, duk inda muka sauka sai a zo da igiyar awo. Shekara goma sha ɗaya ke nan, maigidan nan ya dawo aiki ya ji kukan ƙaraminmu a bayan gareji. Bai gudu ba. Ya ce, ku zauna, ku bar min iyalina lafiya. Tun daga ranar ba ya kai mota jikin bango, sai ya bar mana taku uku."

Inna ta rufe baki da hannu. Shekaru ta yi tana yi masa tsiya, wai direban shekara talatin bai iya ajiye mota daidai ba. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ƙafarsa ce gajera.

Muryar ta ce, "Bulon nan a kan shimfiɗarmu aka jera shi. Ba ma neman garejin duka. Ku bar mana taku ukun."

Malam ya dubi Auta. Auta ya sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi na auna, Malam, na sake aunawa. In aka cire taku uku gadon yara ba zai shiga ba."

Muryar ta ce, "To, gefen farfajiya. Faɗin tabarma."

"Nan ne banɗaki zai zauna," in ji Auta, hawaye na sauka a gemunsa. "Ni ma korata aka yi, Kaka. Ni ma ban san inda zan sa su ba."

Malam ya ce, "Kin ji. Kuma ko an bar muku, tunda kin san hanyar jikinta, ba za ta yi lafiya kuna gida ɗaya ba. Ki fita don Allah, ki bar gidan."

Sai idanun yarinyar suka juyo sama, suka tsaya a fuskar Inna.

"Ba kai ka sauke mu ba, Malam, ba kai za ka sallame mu ba. Sai dai uwar gida ta faɗa da bakinta. Shekara biyu tana zuwa nan da yamma, ta zauna a kujerar direba tana ba mijinta labarin gida. Ni nake zama kusa da ita. Ranar da ta yi kuka har barci ya ɗauke ta, ni na kore mata sauro. In ta ce mu tafi, mun tafi."

Duk zaman nan Inna ta ɗauka ita kaɗai ce. Ta dubi bulo, ta dubi ɗanta, ta dubi wuyan jikarta da jijiya ke harbawa a hankali kamar ta ɗan tsuntsu. Ita ba mace ce mai kwana-kwana ba, ko a ranar daɗi.

Ta ce, "'Yar'uwa, na gode da zama. Allah ya sani da ina da wani filin da na ba ki. Amma wannan jikata ce, wancan ɗana ne. Ki yafe wa marigayi, ni ce na karya masa alkawari. Ku tafi."

"Na yafe. Da ni ce ma haka zan yi." Muryar ta yi ƙasa. "Abu ɗaya. Kada mu fita ta kan katanga kamar ɓarayi. A buɗe mana get."

Inna ta miƙa kan yarinyar ga uwarta, ta tashi da kyar. Ta bi farfajiyar nan tun daga gareji har ƙarshe, ta zare sakata, ta tura ƙyaure biyun duka, ta matsa gefe. Ana kiran salla. Layin ya cika da motocin da aka ajiye gefe da gefe, bango na bin bango har inda ido ya ƙare.

Daga cikin gareji muryar ta sake tasowa, ta yi nisa kamar daga ƙasan rijiya. "Uwar gida, dama ko hagu? Ina ne da sauran fili?"

Inna ta dubi dama. Ta dubi hagu. Ta ɗaga hannu za ta nuna, hannun ya tsaya a sama, ta rasa inda za ta kai shi. Wata iska mai sanyi ta wuce ta gefen zanenta, ƙanana huɗu suka bi bayanta.

A ciki yarinyar ta yi tari, ta ce da muryarta ta kullum, "Umma, ruwa." Uwarta ta fashe da kuka, Auta yana ta hamdala, yana kiran Inna ta zo ta gani. Inna ta ce tana zuwa. Amma ta daɗe a bakin get, hannunta a sama.